Kallon Finafinan Sadaukai a Lokacin Annobar Korona: Tsakanin Sinima da Gida

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda annobar korona ta shekarar 2020 ta shafi al'adar kallon finafinai, musamman finafinan sadaukai na Amurka, wato waɗanda jarumansu ke da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Za a fara da tarihin sinima a Kano, kasancewarta cibiyar harkar fim a ƙasar Hausa, sannan a waiwayi taƙaddamar da ta taso a Amurka, daga bisani a kwatanta da garin Warra na Masarautar Yawuri.

3.1 Sinima a Ƙasar Hausa Kafin Annoba

Bahaushe ya fara sanin hoto mai motsi ta hanyar majigi, wanda Turawan mulkin mallaka ke yawo da shi gari-gari domin wayar da kai. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, sai Palace a cikin birni a 1952. Tun farko jama'a ba su saki jiki da sinima ba. Gobarar da ta tashi a sinimar El-Duniya a 1951, wadda ta halaka mutum fiye da 300, ta ƙara wa mutane tsoro. Haka kuma an ɗauki wurin a matsayin matattarar 'yan iska, don haka matan aure da 'yan mata masu kamun kai ba sa zuwa.

Zuwan kaset na bidiyo shi ya sauya wannan yanayi. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fim ya shiga har cikin ɗaki, matan kulle suka zama manyan 'yan kallo. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 sun ƙara rage kasuwar tsofaffin gidajen sinima. Sai bayan buɗe cibiyar kasuwanci ta Ado Bayero a 2014, inda kamfanin Filmhouse ya kafa sinimar zamani, aka sake ganin iyalai na fita kallo tare. A nan aka riƙa nuna finafinan Amurka da na Hausa irin su Mansoor na 2017.

3.2 Ɓullar Annoba da Dokar Kulle

An sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, sannan a Kano ranar 11 ga Afrilu. A cikin watan ne aka kafa dokar kulle a jihar, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a da wuraren taruwa. Gidajen sinima na ƙasar ba su sami izinin buɗewa ba sai a watan Satumba, shi ma bisa sharaɗin rage yawan masu shiga.

Masu shirya finafinan Hausa, waɗanda dama kasuwar faifai ta mutu a hannunsu, sai suka karkata ga finafinai masu dogon zango. A 2020 ne Izzar So ya fara fita a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma a tashar Arewa24. Wannan ya nuna cewa mai kallo bai daina kallo ba, mazauni kawai ya sauya.

3.3 Taƙaddamar Sinima da Gida a Amurka

Fim ɗin Wonder Woman na 2017 ya tara fiye da dala miliyan 800. An shirya sakin kashi na biyu, Wonder Woman 1984, a watan Yunin 2020, amma annoba ta sa aka yi ta ɗage shi. Daga ƙarshe kamfanin Warner Bros. ya sake shi a Amurka ranar 25 ga Disamba, 2020 a sinima da kuma manhajar HBO Max a rana guda. Abin da ya samu a sinima bai kai dala miliyan 200 ba. Kamfanin Disney ya bi sahu da Black Widow a Yulin 2021, har jarumar fim ɗin, Scarlett Johansson, ta kai ƙara kotu bisa cewa nunawa a gida ya rage mata rabonta, kafin a sasanta. Da Spider-Man: No Way Home ya fita a sinima kaɗai a Disambar 2021, ya tara kimanin dala biliyan 1.9, kamfanonin suka fahimci cewa har yanzu sinima ce babbar kasuwarsu.

3.4 Halin da Ake Ciki a Warra

Warra ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, tana bakin tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. Mafi yawan mutanenta masunta ne da manoma da 'yan kasuwa. Matashin da ke wannan gari ba shi da ɗaya daga cikin zaɓi biyun da ake taƙaddama a kansu. Kafin ya shiga sinimar zamani sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa birane irin su Abuja ko Kano, manhajar HBO Max kuwa ba ta aiki a Nijeriya a lokacin.

Kamar sauran garuruwan Arewa, abin da aka dogara da shi abu biyu ne. Na farko gidan kallo, wato rumfa mai benci da talabijin da janareto, inda ƙwallon Turai ke riƙe da ciniki. Da aka dakatar da gasar Ingila daga Maris zuwa Yunin 2020, wannan sana'a ta shiga ƙunci. Na biyu shi ne shagon masu tura finafinai a waya, inda ake biyan kuɗi kaɗan a cika wa mutum katin wayarsa.

A nan ne shawarar da aka yanke a Amurka ta taɓa mai kallo na karkara. A da, satar sabon fim na farawa ne da ɗaukar allon sinima da kyamara, sai hoto ya fito dishi-dishi. Amma da aka sa fim a manhaja ranar fitowarsa, sai kwafi mai kyau ya bazu a intanet cikin sa'o'i, kuma daga intanet ne masu turawa ke samun hajarsu. Ta haka mai waya a bakin tafki ya sami damar ganin abin da Ba'amurke ke gani ba tare da dogon jira ba, sai dai ko kwabo bai koma ga masu fim ɗin ba. Wannan hanyar kuwa ita ce ta daɗe tana karya jarin masu finafinan Hausa, waɗanda ba su da ƙarfin kamfanonin Amurka na jure asara.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙaura daga sinima zuwa gida ta faru a ƙasar Hausa tun a shekarun 1990, shekara talatin kafin annoba ta tilasta wa Amurka gwada ta. Abin da korona ta ƙara shi ne mayar da kallo daga talabijin na tsakar gida zuwa wayar hannu, inda kowa ke kallo shi kaɗai. Masu iya magana na cewa, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Matsalar da ta rage ita ce yadda kuɗin da mai kallo a Warra ke biya a shagon turawa zai isa hannun wanda ya shirya fim. Babi na gaba zai dubi sana'ar masu turawa a ƙasar Yawuri.