Dawa, Giya da Hukuma a Ƙasar Kazaure

A watan Agusta na 2023 hukumar Ingila ta sake tsarin harajin da take ɗora wa abin sha mai sa maye, ta yi rangwame mai yawa ga duk giyar da ƙarfin barasarta bai kai kashi 3.5 cikin ɗari ba. Ba a kuwa daɗe ba sai ga manyan kamfanonin giyar kwalba suna rige-rigen sauko da hajarsu ƙarƙashin wannan haddi, har Carlsberg ya rage tasa daga 3.8 zuwa 3.4, alhali kwalba tana nan yadda take, suna yana nan, ba a kuma ji mashaya suna cewa kuɗi ya sauka ba. Tun kafin haka ma, a 2017, wata shari'ar haraji ta tona cewa giyar Carling, wadda aka rubuta wa kashi 4 a jikin gwangwani, an yi shekaru ana dafa ta a kan 3.7. Kamfanonin sun ce lafiyar jama'a suke dubawa, mu kuwa ba mu da ikon shiga zukatansu, sai dai tarihi yana nuna cewa duk sa'ad da giya ta yi rauni a ƙasar Turawa, in an bincika za a iske hannun ma'aji a ciki. A 1880 Gladstone ya ɗauke haraji daga tsiron sha'ir ya mai da shi kan kaurin ruwan da ake dafawa, a Yaƙin Duniya na Farko kuma ƙarancin hatsi da tsananin doka suka tsinka giyar Ingila har ba ta sake komawa ƙarfinta na dā ba.

Mai karatu a Kazaure ko Roni yana iya cewa ina ruwansa da kwalbar mutanen London, tun da shi ko ɗigo bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Amsa ita ce ƙasarsa ma tana da nata tarihin wannan al'amari, kuma hatsin da ke rumbunsa yana tsakiyar labarin.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗan Tunku, wanda ya yi jihadi a arewacin Kano, sa'an nan ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo da ya hau a 1819, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar masa da ƙasarsa, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarauta a garin Kazaure. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin wannan masarauta, Ɓaɓura kuwa, da ke gabas kusa da iyakar Nijar, ƙasar Kano ce a dā, yau tana bin Ringim. Karkarar da ke tsakanin manyan biranen Kano da Katsina da Daura tana daga cikin wuraren da Maguzawa suka daɗe suna zaune, watau Hausawan da ba su karɓi Musulunci ba, waɗanda daular Sakkwato ta ɗauke su a matsayin ahlul zimma, suna ba da jiziya, ana barinsu da al'adunsu a gidajensu na gona. Cikin waɗannan al'adu babu wadda ta fi bambanta su da maƙwabtansu Musulmi kamar giya, har Bature Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya ga haka a fili.

Dafa giya sana'ar mata ce, kuma aiki ne na kwanaki mai son haƙuri. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe, ana yayyafa mata ruwa har ta tsira, a shanya ta bushe, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, in ta huce a zuba mata ragowar tsohuwar giya don ta tashi. Hikimar tsirarwar ita ce ƙwayar da ta fara tsiro tana juya garin cikinta ya koma zaƙi domin ta ciyar da ɗan tsiron, mai dafawa kuwa sai ta katse wannan tsiro da rana, ta riƙe zaƙin, wanda shi ne ke rikiɗa ya zama barasa idan ruwan ya kwana yana tashi. Saboda haka ƙarfin giya yana rataye ne ga abu biyu, yawan dawa a kan ruwa da tsawon lokacin da aka bar ta. Ranar farko tana da zaƙi da sauƙi, kashegari ta kankama, in ta wuce haka ta yi tsamin da ba ta shawuwa. Ba ta ajiyuwa, ba ta tafiya nesa, ba ta da wani ma'auni sai harshen mai sha, kuma wurinta shi ne gayya da biki da makoki da hidimar iskoki. Mace mai son riba tana iya ƙara ruwa idan dawa ta yi tsada, amma masu sayenta maƙwabtanta ne da ke zaune a gabanta da ƙwarya a hannu, kuma algus ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san tukunyar tun yana saurayi. Wannan hisabi na ido da ido shi ne abin da mashayin Ingila ya rasa, shi da ba ya ganin kowa sai rubutun jikin gwangwani.

A wajen malamai kuwa mas'alar ba ta taɓa zama ta gwargwado ba, kuma a nan ne tarihinmu ya rabu da na Turawa. Gaskiya ne an saukar da haramcin hamru daki-daki, daga ayar Suratul Baƙara da ta auna zunubi da amfani, zuwa ta Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, zuwa ta Suratul Ma'ida da ta yanke hukunci. Gaskiya ne kuma malaman Kufa, bisa ra'ayin Imamu Abu Hanifa, sun bambanta tsakanin hamrun inabi da nabizun da aka yi da hatsi ko zuma, suka yi sassauci ga ɗan abin da bai kai ga maye ba daga na biyun. Amma mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa daga Risala har Muhtasar, ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba: kowane abin sha da mai yawansa ke bugarwa, to kaɗansa ma haramun ne, ko daga inabi ya fito ko daga dawa, haddinsa kuwa bulala tamanin. Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, ya lissafa shan abin da rai ya so ba tare da duba halas ko haram ba cikin aibobin sarakunan da ya yi wa jihadi, a littafinsa Kitabul Farƙi. Ke nan da wani mai dafa giya zai zo gaban alƙalin Kazaure ya ce ya rage tasa daga kashi biyar zuwa uku, da bai sami ko minti ɗaya na sauraro ba, domin a ma'aunin alƙali uku da biyar duk hukuncinsu ɗaya.

Da Turawa suka zo sai suka iske wannan hukunci ya dace da bukatarsu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta wajabta wa masu mulkin mallaka hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuwa, da ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900 ya kuma ci Kano a 1903, ya mai da Arewa haramtacciyar ƙasa ga barasar fatauci, yana neman yardar sarakuna da malamai. A Kudu fa labarin dabam ne, domin can kuɗin fiton barasa shi ne babban ginshiƙin baitulmali, ana kuma ƙara shi gwargwadon ƙarfin abin da ke cikin kwalba; gwamnati ɗaya, bayan haɗewar 1914, tana cin kuɗin barasa a Ikko tana wa'azin haramcinta a Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari ba da jimawa ba domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, dokar 1917 ta raba Nijeriya zuwa wuraren hani da wuraren lasisi, fasa-ƙwauri kuma ya bi hanyar dogo ya yi ta bunƙasa. Giyar tukunya ta karkara ba ta shiga wannan lissafi sosai ba, tun da ba ta ratsa kwastan.

Giyar kwalba ta gida ta zo daga baya. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Ikko a 1949, aka buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1963, a zamanin da Sardauna ke Firimiya kuma dokar Final Kot ta Jihar Arewa tana hukunta Musulmin da ya sha; Kano ma ta sami tata masana'anta, mai yin Double Crown. Abin lura a nan shi ne giyar Nijeriya ba ta bi ta Ingila wajen yin rauni ba. Star da Gulder suna wajen kashi biyar, Guinness ta Ikeja kuwa tana da 7.5, alhali wadda ake zubawa a mashayar London ba ta wuce huɗu da 'yan kai ba. Dalili ɗaya mai ƙarfi shi ne harajinmu na giyar kwalba ba ya bin ƙarfinta sau da ƙafa irin nasu; tsarin 2018, alal misali, kwabo 30 ya ɗora a kan kowace santilita, ko mai ƙarfi ce ko marar ƙarfi, don haka wanda ya tsinka tasa ba ya tsira da ko anini daga hukuma.

To, ina kamfani zai bi ya kai ga miliyoyin mutanen da fiƙihunsu bai san rabin maye ba? Sai ya yi ragin da babu na biyunsa, ya sauko har ƙasa. A 1976 Nigerian Breweries ya fito da Maltina, Malta Guinness ta biyo baya a 1990, kuma asalinsu shi ne wannan ruwan tsiro mai zaƙi da mai dafa giya ke samu kafin ta zuba ragowar tsohuwa, sai dai ba a barinsa ya tashi, ana dafa shi a kashe duk abin da zai tayar da shi, a rufe a kwalba. Ban san wata haja ta masana'antar giya da ta ratsa gidajen Hausawa kamar wannan ba. Ana kai ta gaisuwar marar lafiya da ta mai jego, ana jera ta a walimar aure da ta saukar Alƙur'ani, ana buɗe baki da ita da azumi, daga kantunan bakin titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure har kasuwannin Gwiwa da Ɓaɓura. Akwai masu tsantseni da ke ƙyamarta saboda gidan da ta fito, suna cewa ribarta da ta giya aljihu ɗaya suke shiga, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Galibin jama'a dai sun tsaya ga zatin abin, cewa ko an sha tulu guda ba ya bugarwa.

Sa'an nan dawa ta komo cikin labarin ta babbar ƙofa. A 1988 gwamnatin Babangida, da kuɗin waje ya yi mata ƙaranci, ta hana shigo da tsiron sha'ir daga Turai, ya zama tilas masana'antu su koma ga hatsin gida. Aka dogara ga binciken masana, har da na cibiyar aikin gona ta Samaru a Zariya, aka koyi tsirar da dawa a manyan injuna, watau abin da matan Maguzawa suka gada kaka da kakanni a tsakar gida. An ɗage hanin bayan shekaru, amma kamfanoni ba su saki dawa ba, domin ta fi araha, ba ta kuma bukatar dala. Tun daga lokacin farfara da ƙaura da ake nomawa a Arewa suka sami mai saye da ba ya ƙoshi, ana tara su a manyan kasuwanni irin Dawanau, ana loda tireloli zuwa Kaduna da Kudu. A nan akwai mas'ala mai nauyi da ban ji ana yawan tattaunawa a kanta ba, domin malaman Malikiyya, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi hamru. Manomin Roni kuwa bai san kowa ba sai ɗan kasuwar da ya auna masa tiya ranar kasuwa, shi ma bai san kowa ba sai dillali, kuma buhu ɗaya yana iya ƙarewa a tuwo ko kunu ko abincin kaji ko Maltina ko Star. Sharaɗin haramcin shi ne sani ko zato mai rinjaye, kuma a ganina nauyin yana kan babban dillalin da ya sa hannu a takardar ciniki da masana'anta, ba kan mai garma ba.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, kuma a watan Agusta na 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda shi kansa ɗan Kazaure ne. Sayar da giya ya zama laifi a dokar jiha, Hisba tana kai samame tana fasa kwalabe a bainar jama'a, masu sha kuwa, tun da ba su ƙare ba, suka koma saye a ɓoye da tsada, wasu matasa kuma suka karkata ga maganin tari mai kodin da ƙwayoyi, waɗanda ba su da wari, har gwamnatin tarayya ta hana wannan maganin tari a 2018. A gefe guda kuma, harajin kayan masarufi da ake karɓa a kan giya a Ikko da Fatakwal yana shiga asusun tarayya a raba da kowace jiha, har da waɗanda suka haramta ta, abin da gwamnan Ribas ya yi ta gori a kai a 2021, lokacin da jiharsa ta kai rigimar wannan haraji gaban kotu.