Guzurin Masu Bishara: Yadda 'Yan Mishan na Farko Suka Yi Shirin Zuwa Ƙasar Hausa

A ranar 4 ga Disamba, 1893, jirgin ruwa ya sauke samari uku a Ikko: Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Niyyarsu ita ce su kai bishara ƙasar da Turawan wancan zamani ke kira Sudan, wato faffaɗan yankin da ke kudu da Sahara, wanda Kano da Sakkwato da Borno ke tsakiyarsa. Ba sa jin Hausa, ba su san kan magani ba, kuma babu ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu, domin duk wadda Gowans ya tunkara a Amurka da Ingila ta ƙi. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya tsare a Ikko, ya koma Kanada a 1895 shi kaɗai.

Sun yi shiri, amma irin na zamaninsu, wanda kusan dukansa shirin zuciya ne. Tarihin shekaru arba'in da suka biyo baya ya nuna yadda kaburbura suka tilasta wa 'yan mishan faɗaɗa wannan shiri, har ya haɗa da harshe da magani da sanin mutanen da za a je wurinsu.

A ƙarshen ƙarni na 19, abin da ake fara tambayar saurayin da ke son tafiya aikin mishan shi ne ko yana da kira, wato ko ya tabbata a ransa cewa Allah ne ya aike shi. Wurare biyu suka fi hura wannan wuta. Na farko shi ne taron Keswick a arewacin Ingila, wanda aka fara a 1875, inda ake kwashe mako guda ana wa'azi a kan tsarkin rayuwa da miƙa kai ga Allah gaba ɗaya. Na biyu shi ne taron ɗalibai da mai wa'azi Dwight Moody ya kira a Mount Hermon ta Amurka a 1886, inda ɗalibai 100 suka yi alkawarin tafiya ƙasashen waje. Daga nan aka samu ƙungiyar ɗalibai 'yan sa kai, wadda ta yaɗu a jami'o'in Amurka da Birtaniya. Wanda ya shiga yakan sa hannu a katin alkawari, ya riƙi al'adar tashi da sassafe don addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki kafin ya yi magana da kowa.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda su a wurinsu gwajin bangaskiya ne. Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ma'aikaci ba shi da tabbataccen albashi, ƙungiya ba ta cin bashi, ba a kuma roƙon jama'a. A yi addu'a, a ci abin da ya samu. Wannan tafarki Gowans da abokansa suka bi. Gowans ya yi karatu a makarantar horar da masu bishara ta A. B. Simpson a New York, Bingham kuwa ya yi aiki da Rundunar Ceto. Mahaifiyar Gowans, Margaret, ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta a Toronto, ta yi ta ba shi labarin miliyoyin mutanen Sudan har ya yanke shawarar bin ɗanta.

Falken da ke zuwa Gwanja sayen goro ya fi su guzuri nesa ba kusa ba: yana da madugu, ya san zango-zango, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa da watan da rafi ke cika. Su waɗannan samari taswira ce a hannunsu, sai tabbacin da ke ransu.

Abin mamaki shi ne an riga an san wani ɓangare na maganin matsalar. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta tura jiragen ruwa su hau Kwara, zazzaɓi ya kashe sama da 40 daga cikin Turawa 145 da ke ciki. A 1854 kuwa likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya dawo ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba. Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, yana cikin tafiyoyin biyu. Amma wannan darasi bai zauna a zukatan kowa ba, kuma a cikin masu zafin bangaskiya na wancan lokaci akwai waɗanda ke ganin dogaro da magani tamkar raunin dogaro ga Allah ne. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, abin da ya sa gidan sauro ya zama kayan tafiya na dole.

Ƙungiyar CMS ta cocin Angalika ta fi tsari. A wancan lokaci tana da kwalejinta a Islington ta Landan tun 1825, tana tantance mai neman tafiya ta hanyar tambayoyi da shaidar limaman coci da gwajin likita, sannan a yi taron sallama inda ake karanta wa kowa umarnin kwamiti a gaban jama'a, a yi masa addu'a. Duk da haka ayarin da ta tura Lakwaja a 1890 bai daɗe ba. Jagororinsa, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun zo da shiri mai tsauri: su sa riga da rawani irin na Hausawa, su ci abincin ƙasa, su kuma yafe kariyar gwamnatin Birtaniya don kada su fi waɗanda za su tuba samun tsaro. Robinson ya rasu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892.

Zafin nasu ya bar wani tabo kuma. Da suka iso, sai suka auna limaman Afirka da ke aiki a ƙarƙashin Bishop Crowther da ma'aunin tsarkin Keswick, suka ce ba su cika ba. A taron da aka yi a Onica a 1890, samarin Turawa suka tsaya kai da fata sai an dakatar da wasu daga cikin limaman, a gaban dattijon da ya shafe sama da shekara 30 yana aiki a bakin Kwara. Crowther ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891 cikin baƙin ciki. Horon da aka ba su a Ingila ya koya musu binciken zukatansu dare da rana, bai koya musu girmama waɗanda suka riga su a fagen ba.

Daga wannan ayari abubuwa biyu suka fito waɗanda suka sauya yadda ake shiri. Likitan ayarin, Charles Harford-Battersby, ɗan wanda ya kafa taron Keswick, ya koma gida saboda rashin lafiya, ya buɗe Kwalejin Livingstone a Landan a 1893 don koya wa 'yan mishan da ba likitoci ba yadda za su kula da kansu da maƙwabtansu: auna kwinin, ɗaure rauni, cire haƙori, tafasa ruwan sha. Abokan Robinson kuma suka kafa Ƙungiyar Hausa don tunawa da shi, da nufin nazarin harshen sosai.

Ƙungiyar ta zaɓi ɗan'uwan mamacin, Charles Henry Robinson, ta tura shi Tarabulus da Tunis a 1893. Dalilin zaɓen Tarabulus a fili yake. Nan ne bakin hanyar ayarin raƙuma da ke tasowa daga Kano ta Damagaram da Azbin da Gat, don haka garin na da Hausawa fatake da 'yantattun bayi da maniyyata masu jiran jirgin Makka. Bature zai iya zama da su wata da watanni yana gyara bakinsa ba tare da zazzaɓin bakin Kwara ya kwantar da shi ba. Kafin wannan, abin dogaro shi ne littattafan James Frederick Schön, Bajamushen da ya fara tsintar Hausa a wurin 'yantattun bayi a Saliyo, daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya kai Turai. Robinson ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij, ya fitar da nahawu a 1897 da ƙamus a 1899.

Hanyar Tarabulus ɗin ce Walter Miller ya bi. Shi likita ne da ya yi karatu a asibitin St Bartholomew na Landan, ya tafi Tarabulus da abokan aikinsa suka zauna suna koyon Hausa. A nan ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda hanyar aikin hajji ta biyo da shi garin, kuma daga baya ya zama babban mataimakinsa a harshe. A 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Ikko da 'yan dako zuwa Kano. Wannan karon akwai likita, akwai masu jin Hausa, akwai kuɗin ƙungiya.

Abin da babu shi ne fahimtar sarauta da siyasar lokacin. A ranar 1 ga Janairun shekarar Lugard ya shelanta mulkin Birtaniya a kan Arewa, sarakuna na zaman ɗarɗar, sai ga Turawa sun doshi birni ba tare da izinin Sarkin Kano ko takardar Sarkin Musulmi ba. Sarki Alu ya karɓe su a fada, ya ba su kwana uku su bar garin. Suka juyo ƙasar Zazzau, inda Sarki Kwasau ya bar su suka zauna a Girku, garin da aka binne Gowans shekara shida kafin nan. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya saboda ciwo. Miller ya dawo, ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa.

Bingham ma ya sake shiri. Ya nemi ilimin magani, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya kafa majalisar da za ta tsaya wa masu tafiya a gida. Yunƙurinsa na biyu a 1900 ya sake karyewa, domin zazzaɓi ya kayar da shi a Ikko aka mayar da shi. Sai a 1902 ayari na uku ya kafa tasha a Fategi cikin Nufawa. A shekarar ce Andrew Stirrett, mai kantunan sayar da magani a Toronto, ya rabu da dukiyarsa ya shigo aikin. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Shi ne ya matsa wa sababbin zuwa su riƙa shan kwinin kullum, su kwana cikin gidan sauro, su sa hular rana, kuma mace-macen da suka addabi ƙungiyar suka ragu ƙwarai. Ya zauna a Najeriya har rasuwarsa a Jos a 1948. Karl Kumm, wanda ya jagoranci ayarin farko na mishan ta SUM zuwa Wase a 1904, shi ma sai da ya zauna a Tarabulus yana koyon Hausa kafin ya taso.

Zuwa shekarun 1920 shirin ya zama tsayayyen tsari. Mai niyya yakan yi shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya zauna makonni a gidan ƙungiya ana lura da halinsa, ko yana da haƙurin zama da mutane, ko zai wanke kwano ba gunaguni. Yakan zagaya coci-coci yana neman waɗanda za su yi masa addu'a su kuma tallafa masa, ya biya bashinsa, ya yi ban kwana da iyaye da sanin cewa shekaru za su wuce kafin a sake ganawa, wasiƙa kuma sai ta yi makonni a hanya. In ya iso, jarrabawar harshe na jiransa, kuma ƙungiyoyi da dama ba sa barin sabon ma'aikaci ya yi aure sai ya ci ta. Addu'a da azumi da tabbacin kira suna nan a matsayinsu na farko, an dai daina ɗaukarsu a matsayin madadin sauran.

Amfanin daɗewa a raye ya bayyana a 1932, lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller da Stirrett da abokan aikinsu Hausawa suka shafe shekaru suna yi. Irin wannan tsarin ne ya bai wa SIM, ƙungiyar Bingham, damar tsallakawa Damagaram a 1924, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950.

Daga baya tafiyar ta juya, masu shirin suka zama 'yan ƙasa. A 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara ta 'yan Afirka wadda ta zama EMS, reshen mishan na cocin ECWA, kuma a zamanin shugabancin Panya Baba, daga 1970 zuwa 1988, ta tura ma'aikata zuwa ƙasashe maƙwabta irin su Nijar da Chadi da Benin. A 1975 wasu matasa masu ilimin jami'a suka kafa CAPRO a Zariya, wadda ke horar da masu niyyar tafiya a makarantarta ta Gana Ropp a Jihar Filato kafin ta aike su wasu ƙasashen Afirka da ma wajenta.