Ramin Zinariya Ya Mutu, Dafinsa Bai Mutu Ba: Labarin Gyaran Ƙasa a Zamfara

Yau za mu ba ku tarihin wani abu da ya faru a ƙasar Zamfara, domin duk wanda ya ke zaune kusa da inda a ke haƙar zinariya, ko inda aka taɓa haƙa aka bari, ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafar 'ya'yansa.

Haƙar zinariya a ƙasar nan ba yau aka fara ba. Turawa sun soma ta wajen shekarar 1913, aikin ya bunƙasa bayan 1930 a lardunan Sakkwato da Neja da wajen Birnin Gwari. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, sai kamfanonin suka yi ta watsewa, suka bar ramummuka a buɗe. Shekaru da yawa bayan haka, wajen 2009, kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya. Sai manoma a ƙasar Anka da Bukkuyum suka dinga haƙo dutse su kawo gida. A kan farfasa shi, a niƙa da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne dutsen nan cike ya ke da dalma. Da an niƙa shi sai dalmar ta zama ƙura, ta sauka a daɓe, da cikin rijiya, da kan hatsin da aka shanya. Yaro mai rarrafe kuwa, kome ya taɓa sai ya kai baki.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan nan. Yaro ya kan fara amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya suma. Aka ba da maganin zazzaɓin sauro, bai yi ba. Da aka aika da jini aka auna, sai aka ga dalma ce. A Dareta da 'Yargalma, da aka bi gida gida aka ƙidaya, an tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu ke nan. Duka duka yaran da suka rasu sun kai wajen 400.

Sarakuna da masu gari suka hana niƙa dutse a cikin gari. Amma fa hanin nan kaɗai bai isa ba, domin dalma ba ta ruɓewa kamar taki, rana ba ta ƙone ta, damina ba ta wanke ta ta ƙare. Ko an daina aikin shekara da shekaru tana nan kwance a ƙasa. Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini ta fita ta fitsari, amma likitoci suka ce ba shi ga yaron da zai koma ya yi wasa a gurɓatacciyar ƙasa daidai ya ke da ɗiban ruwa da kwando. Saboda haka aka ce a fara yi wa ƙasa magani tukuna, kana a yi wa yaro.

Ga yadda aka yi aikin. Masana na wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics, tare da ma'aikatan Gwamnatin Jihar Zamfara, suka shiga kowane gida da wata 'yar na'urar hannu mai auna dalma a ƙasa. Inda ta nuna dafi, sai 'yan garin da aka ɗauka aiki su kankare saman ƙasar kamar inci 2 da fartanya da shebur, su zuba a buhuna. A kwashe buhunan a kai bayan gari, a binne a babban rami da aka tanada, a rufe. Daga nan a ɗebo ƙasa mai tsabta wadda aka auna, a shimfiɗa a gidan. Haka aka yi wa filayen niƙa da wasu kududdufai, domin daga kududdufi a ke yin tubalin gini, dabbobi kuma a nan su ke sha.

An gyara Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Daji, da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ita ce ta daɗe tana jira don rashin kuɗi, yaranta kuma ba su sami magani ba duk tsawon lokacin. Sai a 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aka yi aikin. A garuruwa takwas ɗin nan an gyara gidaje fiye da 800, yawancin aikin da hannu, yara dubbai kuma suka sha magani.

Duk da haka labarin bai ƙare nan ba. A wasu gidajen da aka gyara, mutane sun sake shigo da dutse, dafin ya dawo. A 2015 kuma irin wannan masifa ta auku a yankin Shikira cikin ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, aka gyara ƙasar a 2016. Har wa yau, yaron da ya tsira ba lalle ne ya koma garau ba. Dalma ta kan bar wani da makanta, wani da shanyewar jiki, wani kuma ya tashi da nauyin fahimta a makaranta, wannan ɓarnar kuwa magani ba ya mayar da ita.

To jama'a, ga abin da za mu riƙe. Kada a kawo dutsen zinariya gida, kada a niƙa shi da injin hatsi ko turmin daka. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Kada a yi noma, ko gini, ko ɗiban ƙasar tubali a tsohon wurin niƙa sai an auna shi. Kada a tone ramin da aka binne gurɓatacciyar ƙasa. Tsohon rami a cike shi ko a shinge shi, domin yara da dabbobi su kan faɗa, ruwan da ya taru a ciki kuma gidan sauro ne. A wanke hannun yara kafin su ci abinci. In yaro ya yi jijjiga, a hanzarta kawo shi ɗakin magani, a kuma gaya wa malamin asibiti in ana aikin zinariya a garinku, ko an taɓa yi.

Masu gari da dagatai, in masu haƙa za su tashi, ku tambaye su wa zai gyara ƙasar tun ba su naɗe kayansu ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya. Amin.