Mai ɗinkin takalmin da jaridun Landan suka kusa halakawa a 1888

'Yan uwa, sati biyu ke nan ina fama da tsofaffin jaridun Ingila saboda wani aikin kwas da aka ba mu a nan Ibadan. Labarin Jack the Ripper ne, wanda ya yanka mata a unguwar talakawa ta Whitechapel a Landan, daga 31 ga Agusta zuwa 9 ga Nuwamban 1888. Mata biyar aka fi jingina masa, kuma har yau ba a gano ko wane ne ba. Ni dai ba shi ya tsaya mini a rai ba. John Pizer ne.

A shekarar aka kafa jaridar The Star, 'yar rabin kwabo, tana neman kasuwa ido rufe. Da aka kashe Mary Ann Nichols, sai ta baza labarin wani da matan unguwar ke kira Leather Apron, wato mai walkin fata, wai yana yawo da wuƙa yana karɓe musu kuɗi. Ta kuma ƙara da cewa Bayahude ne. To fa! Lokacin Yahudawa masu gudun hijira daga Rasha da Poland sun cika gabashin Landan, dama ana jin haushinsu.

Ran 8 ga Satumba aka tsinci gawar Annie Chapman a bayan wani gida a titin Hanbury, ga walkin fata a tsakar gidan. Shi ke nan gari ya ɗauka, aka fara tsangwamar Yahudawa a titi. Ashe walkin na ɗan matar gidan ne, uwarsa ta wanke ta bar shi a wurin.

Pizer, Bayahude mai ɗinkin takalmi, shi ake wa wannan laƙabi. Ya ɓuya a gidan danginsa don tsoron taron jama'a, har 'yan sanda suka kama shi ran 10 ga wata. Abin da ya cece shi, daren da aka kashe Nichols yana wata unguwa, har ya yi hira da wani ɗan sanda kan gobarar da ta tashi a tashar jiragen ruwa. Aka sake shi, daga baya ya karɓi diyyar ɓata suna. Wallahi da nake karantawa, Sabo ce ta faɗo mini a rai, da yadda gabanmu ke faɗuwa duk ranar da aka yi wani laifi a gari aka fara raɗe-raɗin wai baƙi ne.

Shi kansa sunan Jack the Ripper, daga wata wasiƙa ya fito, mai jan tawada, da ta isa kamfanin dillancin labarai na Central News ran 27 ga Satumba. Ku lura, ba ofishin 'yan sanda aka aika ba, ba kuma wata jarida guda ba, sai wurin da ke sayar wa jaridu labari. Wane talakan Whitechapel ne ya san da wannan ofis? Bayan an kashe mata biyu a dare ɗaya ran 30 ga wata, 'yan sanda suka buga kwafinta ko wani zai gane rubutun, sai ga ɗaruruwan wasiƙun bogi suna kwarara. A 1910 Robert Anderson, wanda ya shugabanci sashen binciken manyan laifuka a lokacin, ya rubuta cewa wasiƙar aikin wani ɗan jarida ce. Bai faɗi sunansa ba.