Sake ɗura harsashi

Sake ɗura harsashi aiki ne na haɗa harsashin bindiga da hannu daga kwanson da aka riga aka harba. Ya yaɗu tsakanin mafarauta da masu gasar harbi a Amurka. Ana cire tsohuwar firaima, wato abin da ke kunna wuta, a sa sabuwa, a zuba albarushi, sannan a dasa kan harsashi.

Kariya

Babban haɗarin yana wajen awon albarushi. Idan ya yi yawa, ko aka zuba na ƙaramar bindiga mai saurin ci, bindigar tana iya tarwatsewa. Shi ya sa mai koyo yake bin littattafan awo na kamfanoni irin su Lyman da Hornady, yana farawa da mafi ƙarancin awo, sanye da tabarau na kariya. A Jamus, sai da lasisi ake sayen albarushin.