Gemu ba ya hana ilimi: Yadda babba zai zaɓi kwas idan zai koma makaranta a Kudu

Ina da shekara 36 da 'ya'ya huɗu lokacin da na koma makaranta. Aikina rubuta lissafin kaya ne a wajen dillalan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma rabona da aji tun da na gama sakandare. Lauya nake so in zama, don na gaji da ganin 'yan'uwanmu suna rasa mai tsaya musu idan magana ta kai ofishin 'yan sanda ko kotu. Shekara guda cur na ɓata a kan wannan buri kafin na gane abu biyu: ba ni da kiredit a darasin adabin Turanci, wanda sai da shi ake karanta lauya, kuma ba a yin karatun lauya a ƙarshen mako. Laifina ne, ban yi tambaya ba. Daga baya na koma fannin akanta, kuma shi nake ci da shi yau.

Tun daga nan 'yan'uwa daga Agege, Alabar Rago, Sabon Ibadan, Shagamu har Fatakwal sukan tambaye ni wane kwas ya dace da su. Ga abin da na sani, na jera shi yadda ya kamata a bi shi.

Fara da takardar da ke hannunka

Kafin ka ce ga abin da kake so, ɗauko sakamakonka na sakandare ka duba. Kusan kowane digiri a Najeriya yana neman kiredit biyar, har da Turanci, mafi yawansu kuma har da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da an rubuta maka ka ci. Sauran darussan su ne ke raba hanya: akanta da tattalin arziki suna son Lissafi da darasin tattalin arziki, fannin lafiya yana son Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, lauya kuma adabin Turanci. Hukumar JAMB tana da kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, yana intanet kyauta. Ka sa yaro ya buɗe maka a waya idan ba ka saba ba.

In akwai giɓi, ba sai ka koma aji da yara ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, haka ma NABTEB da ke Benin ga masu sana'ar hannu da kasuwanci. Ni ma D7 nake da shi a Lissafi, ta wannan hanya na gyara. Wanda ya fito daga makarantar Larabci da addini kuma akwai hukumar NBAIS da ke Kaduna, sai dai ka duba ko makarantar da kake nema da kwas ɗin suna karɓar sakamakonta.

Ka kuma tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a sakamakon sakandare da lambar NIN. Mu Hausawa wannan yana yawan kama mu: nan Muhammad, can Mohammed, wani wurin kuma an saka sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Gyara shi tun kafin ka sayi fom.

Ƙofar da za ka shiga ita ke yanke maka kwas

Yaro yana zaɓen kwas sannan ya nemi makaranta. Babba mai iyali da kasuwa sai ya fara da tambayar wane lokaci yake da shi. Hanyoyin su ne waɗannan:

- Karatun cikakken lokaci ta jarrabawar JAMB: darasi huɗu, maki 400. Duk kwas yana buɗe a nan, amma fa Litinin zuwa Juma'a ce, sai ka bar wa wani rumfarka.
- Shiga kai-tsaye aji biyu: ga mai NCE, difloma, babbar difloma, ko sakamakon IJMB da ABU Zariya ke kula da shi, ko JUPEB da ke ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Sharaɗin shi ne abin da ka karanta a baya ya dace da wanda kake nema.
- Jami'ar karatu daga gida ta NOUN: an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Ba a rubuta jarrabawar JAMB kafin a shiga, kuma tana da cibiyoyi a jihohin ƙasar nan. Obasanjon kansa a nan ya yi digirin digirgir yana da shekara 80.
- Cibiyoyin karatu daga nesa na manyan jami'o'i: Jami'ar Legas, Jami'ar Ibadan, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, da ABU Zariya duk suna da su. Kwasa-kwasansu 'yan kaɗan ne, galibi irin su akanta, harkar kasuwanci, tattalin arziki, mulki da koyarwa.
- Karatun yamma ko na ƙarshen mako a kwalejin fasaha, kamar ta Yaba, ta Ibadan ko IMT Inugu. Diflomar da ake yi a shekara 2 a cikakken lokaci takan ɗauki shekara 3 a wannan tsari.
- Cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna, wadda ke ba da NCE daga nesa, da karatun dogon hutu da jami'o'i ke shirya wa malaman makaranta.

Kwasa-kwasan da ba sa yiwuwa a ƙarshen mako

Likitanci shekara 6 ne, haɗa magunguna da injiniya kuma ba su gaza shekara 5 ba, duk da zaman ɗakin gwaje-gwaje ko asibiti. Lauya shekara 5 ne a jami'a, sannan makarantar horar da lauyoyi, ita kuma hukumar da ke kula da ita digirin cikakken lokaci take karɓa. An yi shekaru ana taƙaddama a kan waɗanda suka karanta lauya a NOUN saboda wannan. Digirin jinya da ake yi daga nesa kuwa na wadda ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya mai rajista ne, ba na sabon shiga ba.

Ba na ce babba ba zai iya waɗannan ba. Amma sai wanda yake da mai riƙe masa gida da kasuwa tsawon waɗannan shekaru. In ba haka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Me kake so takardar ta yi maka?

Wannan ita ce tambayar da ba na bari mutum ya tsallake. Amsoshin da nake ji ba su wuce huɗu ba.

Na farko, mai son ƙarin girma a wurin aikin da yake yi. Kai ka je ofishin ma'aikata ka tambayi wace takarda suke lissafawa. Akwai wuraren da har yanzu suke bambanta digiri da babbar difloma. Kada ka yi shekara biyar ka kawo abin da ba ya cikin tsarinsu.

Na biyu, mai son ƙarfafa sana'arsa. A ganina nan ne babba ya fi yaro riba, don abin da malami ke faɗa a allo kai ka riga ka gan shi a kasuwa. Mai canji ko mai riƙe lissafin shago, akanta ko harkar banki ta fi dacewa da shi. Cibiyar akantoci ta ICAN ma tana da matakin ATS da mai kiredit ɗin sakandare zai iya farawa da shi yana bakin aikinsa. Mai harkar tirela da fiton kaya a Apapa ko Onne ya duba fannin sufuri: Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tana da makarantar sufuri, Zariya kuma akwai NITT. Mai harkar shanu da tumaki a kara ya duba kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya da ke Ibadan ko jami'ar aikin gona ta Abeokuta.

Na uku, mai son canza sana'a gaba ɗaya. Kai ka nemi kwas mai lasisi a ƙarshensa, wanda ake nema a unguwar da kake zaune. Koyarwa tana ciki: NCE shekara 3 ce, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, sannan ka yi rajista da hukumar TRCN. Mai digiri a wani fanni kuma sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta PGDE. Aikin lafiyar al'umma da ake karantawa a kwalejojin fasahar lafiya shi ma yana ciki. Ke 'yar'uwa da kika aurar da 'ya'ya ko kika yaye na ƙarshe, ki dubi waɗannan biyun da kyau. Duk wanda ya taɓa raka matarsa awo a Legas ko Onica ya san darajar ma'aikaciyar da ke jin Hausa, makarantun Islamiyyarmu da suka haɗa da boko kuma kullum neman malamai masu takarda suke yi.

Na huɗu, mai neman ilimin don kansa, ko don ya iya tsayawa a gaban hukuma da sunan al'umma. Malaman zaure da limamai sukan ji daɗin fannin Larabci da nazarin addinin Musulunci, wanda Jami'ar Ibadan ke da tsohon sashe a kansa. Masu hidimar fadar Sarkin Hausawa ko ƙungiyar 'yan kasuwa, fannin mulki, kimiyyar siyasa ko nazarin sasanta rikici sun fi yi musu amfani. Wanda kuma ya tashi da Hausa da Yarbanci ko Igbo a baki ɗaya, kada ya raina wannan: akwai cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Aba, tafinta da fassara kuma aiki ne da ake biya.

Maganar bautar ƙasa

Wanda ya wuce shekara 30 a ranar da ya kammala, hukumar NYSC ba ta tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa take ba shi. Wanda ya yi karatun ƙarshen mako ko daga nesa shi ma ba ya zuwa sansani, akwai wasiƙar da ake ba shi a madadinta. Kowace daga ciki ka karɓa ka adana, don wuraren aiki suna tambaya. Sannan ko ta wace ƙofa ka shiga, ka tabbata JAMB ta san da gurbinka. Wanda sunansa ba ya cikin rajistarta yakan sha wahala a ƙarshe.

Ɗan ƙasa da baƙo

A jami'o'in tarayya ana raba gurbi kashi uku: 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Jihar da ke kan takardar asalinka ake dubawa, ba garin da aka haife ka ba. Jihohin Arewa da dama suna cikin kashi na uku, to ka ga wannan zai iya taimakonka. A jami'o'in jiha kuwa sau da yawa kuɗin baƙo ya fi na ɗan jiha. Ka tanadi takardar ƙaramar hukumarka tun da wuri, ka kuma tsaya a kan jiha ɗaya a duk takardunka.

Tantance makaranta da kwas

Makaranta tana iya zama halastacciya amma kwas ɗin ba shi da amincewa. NUC ce ke tantance na jami'o'i, NBTE na kwalejojin fasaha, NCCE na kwalejojin ilimi, kuma NUC tana fitar da jerin jami'o'in bogi. Mu mazauna Legas da Ogun mu ƙara kula da masu tallan digirin gaggawa a ƙetaren iyaka. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Araha ba ta ado. Kuɗin fom da na makaranta kuma ka biya ta shafin makarantar da kanka, kada ka damƙa wa wani wai zai samo maka gurbi.

Lissafin ƙarshe kafin ka sayi fom

Ɗauki takarda ka rubuta kuɗin zango, littattafai, data, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, da cinikin da za ka rasa a ranakun jarrabawa, sannan ka ninka da yawan shekarun. Ka duba ko lokacin jarrabawa yana karo da lokacin da kasuwarka ke ci, kamar gabanin babbar Salla ga masu dabbobi. Yawancin karatu daga nesa a kwamfuta ake yin rajista da gwaji, to in hannunka bai saba ba, ka yi wata biyu ko uku kana koyo tukuna.

Ka nemi mutum biyu da suka gama kwas ɗin, ka tambaye su abin da suke yi da shi yanzu. Ka zauna da maiɗakinka ko maigidanki a yi maganar a fili, don wanda ke gida shi ke ɗaukar rabin nauyin. Ni sai da na yi wa uban gidana a kasuwa bayani, muka yi yarjejeniya cewa ranakun jarrabawa ƙanena zai riƙe littafi.

Ranar da na fara zuwa aji, yaran da ke kusa da ni suka ɗauka malami ne ya shigo, har wani ya miƙe ya ba ni kujera. Kunyar ba ta wuce mako biyu ba. Wahalar lissafin aji ɗaya ce ta fi daɗewa, ita ma da na samu wani yaro yana koya mini bayan sallar isha'i, ta zo ta wuce. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya.