Saukowa Daga Tsani: Tarihin Ƙwayar Barci Daga Amurka Zuwa Maigatari

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da raƙuma da shanu da fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya. Garin ya daɗe da zama ƙofar ciniki, shi ya sa aka kafa masa yankin kasuwanci maras shinge. Ko da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Maigatari na cikin huɗun da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Sai dai ƙofa ba ta zaɓen baƙo. Cikin kayan da suka bazu a garuruwan Arewa, har da na kan iyaka, akwai ƙananan ƙwayoyin da matasa ke kira D5 da roci, wato diyazefam da Rohypnol, 'yan dangin magungunan benzodiyazefin. Yadda ake fara shan su sananne ne ga kowa, amma yadda ake barin su ya ɗauki duniya shekaru kafin ta gane.

Asalin labarin yana jihar New Jersey ta Amurka, inda Leo Sternbach, masanin haɗa magunguna a kamfanin Roche, ya haɗa na farkonsu a 1955. Ya shiga kasuwa da sunan Librium a 1960, Valium kuwa, wanda shi ne diyazefam, ya biyo baya a 1963. Likitoci suka karɓe su hannu bibbiyu, domin magungunan barcin da aka saba bayarwa kafin su suna saurin kisa idan aka zarce ƙima. A 1978 kaɗai an sayar da ƙwayar Valium sama da biliyan biyu a Amurka.

Daga baya ne aibin ya fito fili. Ƙwayar tana ƙarfafa aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda ke kwantar da jijiyoyi. Idan mutum ya jima yana sha, ƙwaƙwalwa kan dogara da ita ta rage nata ƙoƙarin, kamar ƙafar da ta saba da sanda. Ranar da aka fizge sandar, sai rashin barci da rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba su taso, haske da ƙara su zama azaba, wani ma ya faɗi da farfaɗiya, wadda kan iya kai shi lahira. Da fari likitoci da dama sun ɗauka tsohuwar cutar ce ta dawo, sai su ƙara wa majiyyaci ƙwaya.

Wadda ta saurari koken masu shan ita ce Farfesa Heather Ashton ta Jami'ar Newcastle a Ingila. Daga 1982 zuwa 1994 ta gudanar da asibitin masu son rabuwa da ƙwayar, ta kuma tsara hanyar da ake bi har yau: a mayar da majiyyaci kan diyazefam, saboda ya fi jimawa a jiki, sannan a riƙa rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba duk mako ɗaya ko biyu, ko da tafiyar za ta ci watanni. A 1984 aka sanya waɗannan magunguna ƙarƙashin dokar Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1988 kuma hukumomin Birtaniya suka shawarci likitoci kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana ba da su.

Nijeriya ta kafa hukumar NDLEA a 1989 da NAFDAC a 1993. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Dokar kamu ta iso gare mu, ilimin ragewa kuwa ya yi jinkiri a hanya. A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, idan asirin yaro ya tonu, abin da iyaye suka sani shi ne a ƙwace ƙwayar nan take. Idan ya fara karkarwa da firgita, sai a ce iska ce ko sammu, ko a ce taurin kai ne. Samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019 ya nuna inda wannan fahimta kan kai: matasa cikin sasari, waɗanda da yawansu iyaye ne suka kai su don su bar shaye-shaye. Ba ɗan ƙwaya kaɗai abin ya shafa ba. Dattijuwar da aka rubuta wa maganin barci bayan rasuwar miji, ta ci gaba da saye a kemis, ita ma tana kan wannan tsani.

Darasin tarihi a nan shi ne, wanda ya hau tsani da matakala yake saukowa. Mai son bari ya fara da ganin likita, a Gumel ko a asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, a tsara masa ragin. Idan alamomi suka tsananta, ya tsaya a matakin da yake har jiki ya daidaita, kada ya ƙara, kada ya yanke. Ya rage goro da shayi mai ƙarfi, ya guji giya da sauran kayan maye, ya tsayar da lokacin kwanciya, ya riƙa tattaki da jan numfashi a hankali. 'Yan uwa su san cewa rawar jikin nan alamar gyara ce, kuma takan wuce. Faɗuwa da shure-shure kuwa sai asibiti ba ɓata lokaci.

Falken Maigatari ya san raƙumin da ya sha doguwar tafiya sai an gurfanar da shi kafin a kwance masa kaya, ɗaya bayan ɗaya. Ɗan'adam bai kasa raƙumi daraja ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, sai dai a daɗe ba a je ba.